Abu bakwai na ɗauka a tashi ɗaya, kwana tara na yi na zube: da wanne zan fara?

Ɗan Ofis:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Watan jiya na je asibiti saboda ciwon kai da ya ƙi barina. Da aka ɗaura min abin awon jini a damtse, 148 bisa 94 ya nuna. Likita ya ce in dawo a sake aunawa kafin a ce hawan jini ne, amma ya tambaye ni awa nawa nake barci, kuma ko ina motsa jiki. Shiru na yi. Shekarata 39, kuma rayuwata daga kujerar mota sai kujerar ofis sai kujerar falo.

A daren nan na ɗauki biro na rubuta abu bakwai: tashi ƙarfe biyar, gudu na minti 30, barin lemon kwalba, rage gishiri, karanta shafi 20 na littafi, ajiye waya ƙarfe tara na dare, shan ruwa kofi takwas. Na manna takardar a jikin madubi. Kwana tara na jera. Ran na goma na makara, ban fita gudu ba, sai na ji ai komai ya lalace. Da yamma na sayi lemo. Da dare na kai ƙarfe ɗaya ina latsa waya. Takardar tana nan manne har yanzu, kau da kai nake yi idan na zo wurin madubin.

Ina da yara uku, ina so in ga girmansu. Shin ni ne ba ni da juriya, ko kuwa tun farko hanyar na ɓata?

Ɗalibin Jami'a:
Wa'alaikumus salam Yaya. Ni dai a ganina maganar niyya ce. In mutum ya ƙudurta a ransa babu abin da zai gagare shi. An ce kwana 21 kacal ake buƙata abu ya zama jiki. Ka yi tara, saura 12 ka saki. Ka sake ɗaura ɗamara, ka cije.

Malamin Lissafi:
Ƙanena, wannan kwana 21 ɗin bari mu tsaya a kansa, don ya karya wa mutane da yawa gwiwa. Asalinsa daga wani likitan gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, wanda a 1960 ya rubuta cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu bayan tiyata. Ka ga ba maganar gudu ko barin lemo yake yi ba, kuma “aƙalla” ya ce. Da maganar ta yi ta yawo a bakin mutane sai aka jefar da “aƙalla” ɗin a hanya.

Waɗanda suka zauna suka auna abin su ne Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan. Mutum 96 suka bi, kowa ya zaɓi abu ɗaya tak da zai riƙa yi kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya ɗauka kafin ya zama ana yinsa ba tare da tunani ba, kwana 66 ne. Wani kwana 18 ya ishe shi, wani lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abu mai sauƙi kamar shan ruwa ya fi saurin kama jiki a kan motsa jiki.

Amma abin da nake so Ɗan Ofis ya riƙe shi ne wannan: sun gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rusa ginin. Makarar da ka yi ran na goma ba ita ta kayar da kai ba. Hukuncin da ka yanke wa kanka a safiyar, cewa komai ya lalace, shi ya kayar da kai. Kuma su abu ɗaya suka ɗauka. Taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ka jefa bakwai a baki.

Ɗalibin Jami'a:
Na ji Malam, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ina ganin idan aka ce wa mutum “tsallake rana ba komai”, gobe ma zai tsallake, jibi ma haka.

Malamin Lissafi:
Tsoronka yana kan hanya. Shi ya sa dokar da nake bi ita ce kada in bari tsallakewar ta kwana biyu a jere. In na rasa yau, gobe ko rabin abin ne sai na yi. Niyya kuwa babu mai raina ta, ita ke tayar da mutum. Sai dai da safe take da ƙarfi, ƙarfe goma na dare bayan gajiyar wuni ba ta da kataɓus. Dole a tsara abin yadda zai yiwu ko a ranar da niyyar ta yi sanyi.

Anti Nas:
Kafin a yi nisa, Ɗan Ofis, ka koma an sake auna ka? Ban ga ka faɗa ba. Don Allah kada gyaran ɗabi'a ya zama dalilin gudun asibiti. Hawan jini ba ya sallama. Mutum fiye da biliyan ɗaya ke da shi a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna ɗauke da shi ba, saboda yawanci ba ya zuwa da wata alama. Awo ɗaya ba ya isa a ce kana da shi, amma idan a ranaku mabambanta ana ta samun 140 bisa 90 ko sama, to magana ta tabbata. Ranar da za ka je, kada ka sha shayi ko kofi minti 30 kafin awon, ka zauna ka huta minti biyar, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, kuma kada ka yi hira ana cikin aunawa.

Cikin bakwai ɗinka, ni da barci zan fara. Ka rubuta tashi ƙarfe biyar, amma ƙarfe nawa kake kwanciya? Baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye. In kana kwanciya sha biyu ka tashi biyar ka fita gudu, jikinka bashi kake ci masa, kuma zai karɓi abinsa. Ni ban yi mamakin makarar ran na goma ba. Wanda bai ƙoshi da barci ba ya fi jin yunwa, ya fi kwaɗayin zaƙi, ya fi saurin fushi, kuma ƙarancin barci na tsawon lokaci shi kansa yana da hannu a hawan jini. Abu uku a takardarka za su yi sauƙi da kansu idan barcin ya daidaita.

Ɗan Ofis:
Anti, gaskiya ban koma ba. Tsoro nake ji a ce min na fara shan magani har ƙarshen rayuwa. Zan koma cikin satin nan in sha Allahu. Kwanciya kuwa, sha biyu ko sha biyu da rabi. Ko na kwanta da wuri idona biyu, sai in ta juyi. Shi ya sa nake jawo waya.

Anti Nas:
Shayi ko kofi na ƙarshe, ƙarfe nawa kake sha?

Ɗan Ofis:
Kofi wajen ƙarfe biyar kafin in tashi daga aiki. Wani lokaci da shayi bayan cin abincin dare.

Anti Nas:
To ga ɓarawonka nan. Tun daga lokacin da ka farka, akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ka ji nauyin ido idan dare ya yi. Kafeyin da ke cikin kofi da shayi da wasu lemukan kwalba zuwa yake yi ya zauna a gurbin adenosin ɗin, sai ƙwaƙwalwa ta daina jin saƙon gajiya. Kuma ba ya fita da wuri: wajen awa biyar yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jini, wasu ma ya fi haka. Kofin da ka sha ƙarfe biyar, rabinsa yana nan yana aiki ƙarfe goma. Ka mayar da na ƙarshe kafin azahar, ka ga abin da sati ɗaya zai nuna.

Sai haske. Jiki yana da agogonsa, ba zancen baka ba ne, don a 2017 an ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke aiki a cikin ƙwayoyin halitta. Haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi jiki yana sakin melatonin, mai shaida masa dare ya yi, haske mai ƙarfi kuma yana jinkirta sakin. Saboda haka ka fita ka ga hasken safe ko na minti goma ne, da dare kuma ka rage fitilu. Waya kam, ni a wurina abin da ke cikinta ya fi haskenta illa. Wanda yake karanta cece-kuce ransa na tafasa, ta ina barci zai shigo?

Ni aikin dare nake yi sati-sati, don haka ba daga littafi kawai nake magana ba. Idan na sauko da safe, labule mai kauri nake ja, in kashe waya gaba ɗaya. Ban taɓa samun barcin da ya kai na dare ba, amma ya fi da.

Abu ɗaya kuma: tambayi uwargida ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ka zabura. In haka ne ka gaya wa likita, don wannan cuta ce mai zaman kanta, tana tafiya da hawan jini, kuma ana maganinta.

Tsohon Direba:
Ɗana, ni ban yi zurfi a karatu ba, amma shekara talatin da 'yan kai na yi a bayan sitiyari. Bayana ya ƙage, cikina ya fito, daga baya aka ce ina da ciwon suga. Gudu ban taɓa yi ba kuma ba zan iya ba. Abin da nake yi shi ne, da na gama cin abincin dare na wanke hannu, ba na zama. Takalmina yana bakin ƙofa, sai in zura in taka zuwa ƙarshen layi in dawo. Da farko minti goma, ina haki kamar wanda ya hau dutse. Yanzu rabin awa nake yi ban sani ba. Shekara shida ke nan. Ba na tsayawa shawara da zuciyata ko in je ko kada in je, wanke hannun shi ne kiran. Maganina ma ina sha, ban bari ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Malamin Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Labarinka ya tuna min da cewa a kan direbobi aka fara tabbatar da wannan magana. A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na Landan. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuma yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Kwandastan nan ba wasanni yake yi ba, motsi ne kawai cikin aikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, irin tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Raba 150 gida biyar, minti 30 ke nan a rana, kwana biyar a sati, kuma ba dole a yi shi a haɗe ba. Tafiyar bayan cin abinci kuma tana da riba ta musamman ga mai suga, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe sukari daga jini.

Dabararka ta wanke hannu ita ce zuciyar maganar. Ka ɗaure sabon abu a jikin tsohon abin da ba ka taɓa mantawa. Ɗan Ofis ya rubuta “gudu minti 30”, bai rubuta bayan me ba.

Ɗalibin Jami'a:
To taku 10,000 da wayata ke ce min in cika kullum fa?

Malamin Lissafi:
Daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya fito, a Japan, a 1965. Sunan na'urar ma ma'anarsa “ma'aunin taku dubu goma”. Ba laifi ba ne a cika shi, amma ba shi ne iyaka ba. Wani bincike na Jami'ar Harvard a 2019 a kan mata tsofaffi ya nuna masu yin taku wajen 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma ribar ta ci gaba da ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ta daidaita. Kai da kake matashi ka yi fiye in ka iya.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi haƙuri, ina ta karantawa raina yana sosuwa. Awa bakwai, hasken safe, tafiya bayan cin abinci. 'Yan biyuna watansu biyar. In wannan ta yi barci wancan ya tashi. Rabona da barcin awa uku a jere tun kafin in haihu. Bayan cin abinci wanke-wanke ke jirana, ba takalmi ba. Duk irin wannan shawara idan na gani sai in ji kamar laifina ne da nake a gajiye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai waɗanda ba rashin niyya ko rashin dabara ke damunsu ba, lokacin ne ba nasu ba.

Anti Nas:
Ƙanwata, kin yi gaskiya, kuma ni ce ya kamata in faɗi haka tun farko. Babu laifinki ko ƙwaya ɗaya. Ke ba sabuwar ɗabi'a kike buƙata ba, hannu kike buƙata. A samu wanda zai karɓi yaran na awa uku ko huɗu a jere ko sau biyu a sati, ki rufe ƙofa ki kwanta, wanke-wanken ya jira. Maigida ne, 'yar uwa ce, maƙwabciya ce, ki buɗe baki ki nema da sunan abin da kike so, don mutane kan ce “in kina buƙatar wani abu ki faɗa” su tafi. Maza da ke cikin zauren nan, da ku nake: wannan ma yana cikin kula da lafiyar gida. Kuma idan gajiyar ta zo da kuka ba dalili, ko kin ji ba kya jin daɗin yaran, ki faɗa a asibiti ranar rigakafi. Yana samun mata da yawa bayan haihuwa, kuma ana warkewa.

Ɗan Ofis:
Maman 'yan biyu, maganarki ta taɓa ni. Duk abu bakwai ɗin nan da na rubuta, babu inda na tuna da matata, alhali ita ke tashi da ƙaramin namu da dare. Allah ya raya miki su.

Mai Ɗinki:
Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba. Ni matsalata ba jiki ba ce. Wata biyu ke nan ba na jin daɗin komai. Keken ɗinkina da nake so kamar me, yanzu sai in zauna a gabansa in zuba wa allura ido, yadi a cinyata, har rana ta yi. Na gwada tafiya, na gwada rubuta abubuwan da nake gode wa Allah a kansu. Da na gaya wa wata sai ta ce rashin godiya ne. Ko akwai ɗabi'ar da za ta gyara wannan?

Tsohon Direba:
'Yata, ba rashin godiya ba ne. Na ga irinsa a gidana. Kada ki zauna ke kaɗai da shi.

Anti Nas:
Na gode da kika yi magana, na san ba da sauƙi ba. Baƙin ciki ko rashin jin daɗin abin da mutum ya saba so, kusan kullum, har ya kai sati biyu ko fiye, alama ce ta ciwon damuwa. Ke kin yi wata biyu. Ciwo ne kamar hawan jinin da muke magana a kai, ba raunin imani ba ne, ba kuma lalaci ba. Tafiya da barci da zama cikin mutane suna taimakawa ƙwarai, ki ci gaba da su gwargwadon iko, amma ba sa maye gurbin ganin likita. Ki je ki faɗa masa daidai yadda kika faɗa mana, har da maganar keken. Za su iya duba jininki ma, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo kan kawo irin wannan kasala. Akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, akwai na sha.

Tambaya ɗaya zan yi miki kai tsaye, kada ki ji nauyi: kin taɓa jin gara ki bar duniya, ko tunanin cutar da kanki? In eh ne, yau za ki gaya wa wani na kusa da ke, yau za a je asibiti.

Mai Ɗinki:
A'a Anti, bai kai nan ba. Nauyi ne kawai a ƙirji. Yayata zan kira ta raka ni.

Malamin Lissafi:
Madalla da kiran Yaya. Akwai binciken da aka fara a Harvard tun 1938, aka bi rayuwar mutum 724 shekara da shekaru, daga baya har da 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne masu kyakkyawar alaƙa da mutanensu sun fi lafiya da kwanciyar hankali a tsufa. Muna lissafa gishiri da taku, muna mantawa da lissafa yaushe rabon da mu zauna da wanda ya damu da mu ba waya a hannu.

Ɗalibin Jami'a:
Anti Mai Ɗinki, ki yafe min in maganata ta niyya ta ƙara miki nauyi. Ban yi tunanin irin halin da kike ciki ba. Allah ya ba ki lafiya.

Ɗan Ofis:
Salam. Sati uku ke nan, na ce bari in dawo da bayani.

Na koma asibiti sau biyu: 144 bisa 92, sai 142 bisa 90. Likita ya ce hawan jini ne, ya ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya da safe, kuma ya ce gishirin wuni duka kada ya kai gram biyar, wato kwatankwacin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da na leda. Na ji ba daɗi a ranar, amma tsoron da na yi wata guda ina ɗauke da shi ya fi ƙwayar nauyi.

Na cire takardar daga madubi. Abu biyu na riƙe. Kofi ba ya wuce sha biyun rana. Sannan na ari dabarar Baba: ina wanke hannu bayan cin abincin dare sai in fita minti goma sha biyar, kuma babban ɗana ya fara bina, a hanya yake ba ni labarin makaranta da ban taɓa ji ba. Cajar waya na mayar falo, na sayi ƙaramin agogo na ajiye a gefen gado. Cikin kwana 21 na tsallake huɗu, ba a jere ba. Yanzu wajen sha ɗaya barci ke ɗaukata. Daren Juma'a da na Asabar ni ke tashi da ƙaramin.

Lemon kwalba har yanzu ina sha. Anti, in ƙara da barinsa yanzu ko in bari waɗannan su zauna tukuna? Mai Ɗinki kuma, ya jiki? An samu zuwa?

Anti Nas:
Ka fara rage shi zuwa rabi, don kwalba ɗaya kan ɗauki sukarin da ya wuce ƙaramin cokali shida, wanda shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so kada a wuce a wuni. Ƙwayar kuma kada ka daina don ka ga awo ya sauka, sai da izinin likitanka.

Mai Ɗinki:
Mun je da Yaya. An ɗebi jini, an haɗa ni da wata likita da muke zama mu yi magana, ranar Alhamis zan koma karo na biyu. Nauyin bai tafi ba tukuna. Jiya dai na ɗinka hannun riga ɗaya.